Haƙƙin Godiya ga Manyan da ke Hidimar Matasanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa Musulmi, da wuya a sami unguwar da babu wani magidanci da ya ɗauki nauyin ƙungiyar matasa bisa kansa, ba tare da albashi ba. Shi ke horar da ƴan agaji, shi ke tsayuwa da su a filin Idi suna daidaita sahu, shi ke biya wa yara karatu tsakanin Magariba da Lisha bayan ya wuni a kasuwa ko gona. Haka nan malamai mata masu karantar da ƴan mata. Mun saba da aikinsu har mun manta da su kansu. Da yawa sun gaji sun janye shiru, yaran suka koma yawon titi.

Wani zai ce: ai don Allah suke yi, ina amfanin godiya? Lalle Suratul Insan, aya ta 9, ta yabi masu ciyarwa don Allah, ba su neman sakayya ko godiya. Amma wannan ladabin mai aiki ne. Wanda aka yi wa aikin kuwa, nasa ladabin dabam ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa mai ƙin gode wa mutane bai gode wa Allah ba.

Mu dubi matar nan mai sharar masallacin Madina, wadda Buhari da Muslim suka kawo labarinta. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah (SAW) ba, don an ƙanƙanta al'amarinta. Da ya rasa ganinta sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mu fa, wa muka taɓa tambaya?

Ga abin da ya wajaba a kanmu:

Na farko, addu'a. Mu ce musu Allah ya saka da alheri, mu koya wa ƴaƴanmu faɗin haka.

Na biyu, liman ya ambaci aikinsu a gaban jama'a, kamar ranar rufe tafsirin Azumi, amma banda wuce iyaka, domin Annabi (SAW) ya hana yabon da ke halaka mutum.

Na uku, rage musu nauyi. Kada alli da fitila da man babur su riƙa fita daga aljihunsu. Idan damina ta sauka, matasa su yi musu gayya a gona, kamar yadda samariya ta saba yi.

Na huɗu, idan ɗayansu ya kwanta ciwo ko ya tsufa, mu ziyarce shi, mu kula da iyalinsa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Kowa ya tuno mutum guda a unguwarsu, ya je ya gaishe shi kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya sanya mu cikin bayinsa masu godiya, amin.