Girgizar Ƙwaƙwalwa a Fagen Tamaula da Haɗarin Bugu na Biyu

Girgizar ƙwaƙwalwa ita ce tangarɗar da aikin ƙwaƙwalwa ke samu idan bugu ya sauka a kai, ko a jiki da ƙarfin da zai fizgi kai, har ƙwaƙwalwar ta jijjiga a cikin ƙoƙon kai. Abin da ke ruɗar 'yan wasa da masu horar da su shi ne mafi yawan waɗanda abin ya sama ba sa suma, kuma hoton kai na asibiti yakan fito lafiya ƙalau, domin ɓarnar tana cikin yadda ƙwayoyin jijiyoyi ke aiki ne, ba a ƙashi ba. Alamominta sun haɗa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi da mantuwa, wasunsu kuwa ba sa bayyana sai bayan sa'o'i.

Bugu guda yakan warke cikin makonni kaɗan idan an huta. Wanda ke kashe sana'a shi ne wanda ya biyo baya tun na farko bai warke ba. Kevin Doyle, ɗan wasan gaba na ƙasar Ayilan da ya buga wa Reading da Wolves kafin ya koma Colorado Rapids a Amurka, ya ajiye takalmansa a watan Satumba na 2017 yana da shekara 34 bisa shawarar likitoci, bayan girgiza biyu a kaka guda, lokacin da sa wa ƙwallo kai kaɗai ya zame masa sanadin ciwon kai. Raphaël Varane, ɗan wasan Faransa, shi ma ya shaida wa jaridar L'Équipe a 2024 cewa ya ƙarasa wasan Faransa da Najeriya na gasar cin kofin duniya ta 2014 ba cikin cikakken hayyacinsa ba, sannan ya sake fita fili da Jamus kwanaki kaɗan bayan haka. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 kuwa ya gano cewa yiwuwar mutuwa ta sanadin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka kusan sau uku da rabi a tsakanin tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotilan idan an gwada su da sauran jama'a.

Matakin farko shi ne a fitar da duk wanda ake zargin ya girgizu nan take, kada ya koma fili a ranar, ko da ya rantse cewa garau yake, domin ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta iya auna kanta. Zuba masa ruwa a kai da cewa ya daure shi namiji ne, kamar yadda ake yi a filayen unguwa, ba magani ba ne. Tun daga Yulin 2024 dokokin wasa sun bai wa masu shirya gasa damar amincewa da ƙarin canji na musamman saboda wannan rauni. Amai a kai a kai, farfaɗiya, ciwon wuya, ciwon kai mai ƙaruwa ko barcin da ke wuyar farkawa, duk suna wajabta garzayawa asibiti.

Daga nan sai hutun sa'o'i 24 zuwa 48 tare da rage kallon waya, sannan komawa mataki-mataki, daga tafiya zuwa sassarfa, zuwa atisayen da babu karo, kowane mataki aƙalla kwana guda, kuma ba a shiga karo ko sa kai sai likita ya amince. Hukumar ƙwallon Ingila ta ba da shawara a 2021 cewa kada sa kai mai ƙarfi ya wuce sau 10 a atisayen mako.

Babu adadin girgizar da ke hukunta ritaya kai tsaye. Likitan jijiyoyi yakan duba ko bugu mara ƙarfi ya fara haifar da alamu, ko warkewa na ƙara daɗewa, ko tazarar da ke tsakanin raunuka na raguwa, shi ya sa ya kamata kowane ɗan wasa ya riƙe rubutaccen tarihin bugun da ya sha, ya tafi da shi duk ƙungiyar da ya koma.