Darasi: Yadda Atari 2600 ta kawo wasannin jefa sule cikin gida

A ƙarshen shekarun 1970, mai son buga gem a Amurka ko Japan sai ya fita zuwa gidan wasa, ya tsaya gaban wani dogon akwati mai allo, ya jefa sule, sannan wasa ya fara. An ƙera kowane akwati ne don wasa ɗaya tak. Da kamfanin Atari ya fito da na'urarsa ta gida a 1977, wadda daga baya aka sa wa suna Atari 2600, abin da masu saye ke so shi ne su ga waɗannan wasanni a talabijin ɗin falonsu. Sai dai na'urar ba ta da ƙarfin akwatunan, don haka dole a rage wani abu a kowane wasa. Abin da aka zaɓa a rage shi ne ya raba wasan da ya karɓu da wanda ya sha suka.

Me ke cikin na'urar?

Furosesarta, MOS 6507, tana gudu ne a kan megahaz 1.19. Ma'adanarta ta wucin gadi, wato RAM, bayit 128 ce kacal, ba ta kai girman cikakken saƙon tes guda mai haruffa 160 ba. Wasannin kuma suna zuwa ne a kaset ɗin da ake sokawa a saman na'urar, na farko-farko kilobayit 2 ko 4.

Babbar matsalar tana wajen zane. Wayar hannu tana haɗa hoto gaba ɗaya a ma'adana kafin ta nuna shi. Atari 2600 ba ta da wurin ajiye hoto, sai dai manhajar ta riƙa faɗa wa talabijin abin da zai zana layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a daƙiƙa. Kuma a kan layi ɗaya abubuwa biyar kawai ke iya motsi: surori biyu, harsasai biyu, da ƙwallo ɗaya.

Space Invaders: an rage, amma an riƙe daɗin

Kamfanin Taito na Japan ne ya fitar da Space Invaders a 1978. A akwatin asali, maƙiya 55 ne ke saukowa a jere, mai wasa yana harbin su daga bayan garkuwa huɗu. Rick Maurer, wanda ya rubuta na Atari da ya fito a 1980, ya yi amfani da wata dama: na'urar tana iya maimaita sura ɗaya har sau uku a kan layi. Surori biyu sau uku sun ba shi maƙiya shida a jere, ya maimaita jerin sau shida zuwa ƙasa, suka zama 36. Garkuwa ta koma uku.

Adadi ya ragu, amma abin da ke sa gaban mai wasa ya faɗi yana nan: maƙiyan suna ƙara sauri yayin da suke raguwa. An kuma ƙara salon wasa har 112, ciki har da na mutum biyu da na maƙiyan da ba a gani. Mutane da yawa sun sayi na'urar saboda wannan kaset kaɗai.

Pac-Man: an taɓa abin da ba a taɓawa

Pac-Man na kamfanin Namco ya fito a 1980, na Atari kuma a 1982, Tod Frye ne ya rubuta shi cikin kilobayit 4. A nan dabarar Maurer ba za ta yi aiki ba, domin fatalwa huɗu suna yawo ne kowace da hanyarta. Sura ɗaya ta tafi ga Pac-Man, sauran ɗayar fatalwa huɗu suka raba, kowace tana bayyana a hoto ɗaya cikin huɗu, wato sau 15 a daƙiƙa. Shi ya sa suke ƙyaftawa har ido ya gaji, ga launinsu kusan iri ɗaya, alhali gane wace fatalwa ce ke biye da mutum shi ne rabin dabarar wasan.

Allon akwatin a tsaye yake, na talabijin a kwance, don haka aka sake zana hanyoyin, ƙofofin ɓuya na gefe suka koma sama da ƙasa. Ɗige-ɗigen da ake ci suka zama gajerun layuka, 'ya'yan itace suka zama wani ɗan murabba'i, Pac-Man kuma ba ya juya baki sama ko ƙasa. An sayar da kaset sama da miliyan 7, fiye da kowane wasa na na'urar, amma masu saye da yawa sun ji an yaudare su. Ana lissafa wannan rashin yarda cikin dalilan durƙushewar kasuwar gem ta Amurka a 1983.

Laifin ba na na'urar kaɗai ba ne. Ms. Pac-Man ya biyo baya a kaset mai kilobayit 8, da fatalwa masu launi daban-daban, da 'ya'yan itace, da ƙarancin ƙyaftawa, a kan wannan na'ura ɗaya.

Ga mai son gwadawa a waya

Manhajar Stella tana kwaikwayon Atari 2600, kuma ana samun ta a Android ta cikin RetroArch. Tsohon talabijin mai ƙaton baya yana barin haske ya ɗan daɗe a allo, abin da ke rage ƙyaftawar fatalwa; allon waya ba ya yin haka, sai an kunna zaɓin da ke kwaikwayon wannan haske. An kuma tsara wasannin ne don sandar juyawa mai maɓalli ɗaya, don haka abin riƙewa na Bluetooth ya fi taɓa allo.

Ma'aunin da ya raba waɗannan kaset biyu yana aiki har yau, duk lokacin da aka matso babban wasan kwamfuta ko na PlayStation zuwa waya. Raguwar kyan hoto ba ta kashe wasa. Abin dubawa kafin a ƙona data ko a biya kuɗi shi ne ko mai wasa yana ganin abin da ke tahowa a kan lokaci, kuma ko wasan yana amsa yatsa nan take.