Darasin Ingilishi: Murɗewa, Lanƙwashewa da 'Yan Uwansu

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, da waɗanda ba su yi ba sam, duk mun san abu ɗaya: da zarar tirela ta bar Birnin Konni ta shiga Illela, ko ta bar Ɗan Issa ta shiga Jibiya, to takarda ta koma Ingilishi. Haka in an nufi Gana ta Paga.

Ga dalilin darasin yau. Wani ɗan ƙungiyarmu ya loda shanu zuwa Ikko, da aka sauke a kara sai ga sa ɗaya yana ɗingishi. Likitan dabbobi ya duba ya rubuta takarda, mutuminmu ya karɓa ya adana, a zatonsa shaida ce direba ya ji wa san ciwo a hanya. Ranar sulhu aka karanta, ashe "deformed" aka rubuta. Direba ya ce, "Kun ji ko? Da haka aka loda shi." Magana ta mutu nan. Kalma ɗaya tak ta raba shi da diyya.

Bahaushe yana da murɗe, lanƙwashe, karkace, bauɗe, lotse. Bature ma haka, kuma kowace kalma tasa tana faɗin abin da ya jawo lahanin. Can ne kuɗi yake.

Na ɗaya, jikin dabba.

"Sprain" targaɗe ne, abin da Faransanci ke kira "entorse". Gaɓa ta gurɗe, jijiyar da ke riƙe ta ta ji ciwo, amma ƙashi bai karye ba. Sabon ciwo ne, yawanci hutu kan warkar da shi. "Dislocation" gocewar ƙashi ce daga gurbinsa, ta fi targaɗe muni. "Fracture" kuwa karaya ce, Faransanci ma haka yake rubuta ta. Waɗannan uku suna iya faruwa wajen lodi ko cikin mota.

"Deformed" dabam take. Ita siffar gaɓa take faɗi, wato ta fita daga yadda aka san ta, kuma mai karatu zai ɗauka tsohon lahani ne: ko da shi aka haifi dabbar, ko tsohuwar karaya ce da ta ɗoru a karkace. Saboda haka in ka tabbata sanka lafiya lau ya hau mota, kada ka bar wurin likita sai ka roƙe shi ya ƙara duba ko akwai sabon kumburi, ya kuma rubuta abin da ya gani.

"Torsion" murɗewar abu ce a cikin ciki. In aka ce "uterine torsion", mahaifar saniya ce ta juya ta murɗe, galibi dab da haihuwa. Za ka ga tana naƙuda shiru ba maraƙi. Wannan ba ta jiran gobe. Likita kan kwantar da saniyar a mirgina ta don mahaifar ta warware, in abin ya ƙi a yi aiki.

Na biyu, mota da kaya.

"Twist" ita ce uwar gidan, murɗawa irin ta igiya ko ta wutsiyar sa in ya ƙi hawa mota. "Bend" lanƙwasawa ce, in abin ya riga ya lanƙwashe sai a ce "bent". Ƙarfen da ya yi "bent" ana iya miƙe shi wajen maƙeri. "Buckle" ta fi tsanani: nauyi ko zafi ya rinjayi ƙarfe har ya durƙushe. In takardar gareji ta ce ƙasan tirela ya yi "buckled", sau da yawa lodi ake zargi, mai mota kuwa kanka zai juyo. "Warp" ta katako ce ko ƙofa da ta bauɗe saboda damshi da rana. Wannan aikin lokaci ne, ba aikin kofaton shanunka na kwana biyu ba. A furuci kamar "wop" take fita. "Wring" kuwa murɗawa ce tare da matsewa, kamar matse jiƙaƙƙen buhu. Ba a furta harafin farko, "ring" za ka ce.

Na uku, magana da hali.

"Distort" jirkita abu ne har ya sauya kama, an fi jin ta kan zance. In tafinta ya murɗe maganarka gaban 'yan sanda ko alƙali, ce masa: "Do not distort my words", wato kada ka jirkita mini magana. "Contort" ta fuska ce ko jiki, kamar dabbar da ke murƙususu don ciwo. "Crooked", a furta "kurukid", karkatacce ke nan, ko sanda ko ƙaho. Amma in da mutum ake, macuci ake nufi. Wanda ya kira ka "crook" zaginka ya yi, kada ka yi masa murmushi.

Ga wata dabara ga 'yan lakwal. "Distort", "contort" da "torsion" duk daga kalmar Latin "torquere" suka fito, tushen da ya ba Faransanci "tordre" da "entorse". In ka ga "tort" ko "tors" cikin doguwar kalma a takardar likita, sau da yawa murɗewa ake nufi.

Aikin gida. Wace kalma ta dace?
1. Karsana ta zame wajen sauka, ƙafa ta kumbura, ƙashi lafiya.
2. Katakon ƙofar tirela ya bauɗe bayan damina.
3. Maraƙi da aka haifa da karkatacciyar ƙafa.
4. Dillali ya juya farashin da ka faɗa.

Amsoshi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kafin nan, kowa ya yanke wannan shafi ya sa cikin jakar takardun tafiya. Kuma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an karanta an fassara, ko da mai mota yana ta danna ham. Tambaya ba ta ɓad da hanya. Allah ya ba da kasuwa.