Cutar Kwamfuta Mai Bin Hanyar Musayar Fayil, Da Yadda A Ke Kawar Da Ita

Wannan takarda an shirya ta ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda su ke ajiye wasiƙu da lissafin gonaki da takardun gado a cikin kwamfuta. Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta ta a gaban ma'aikatan ofishinsa.

1. Mece ce hanyar musayar fayil?

A bisa al'ada, in mutum yana bukatar littafi ko waƙa a intanet, daga rumbun kamfani guda ya kan ɗauko. Amma akwai wata hanya ta ba-ni-in-ba-ka, inda kwamfutocin jama'a su ke miƙa wa juna kaya kai tsaye. Napster ce ta shahara da wannan a 1999, sa'an nan LimeWire ta biyo a 2000, Kazaa da BitTorrent a 2001. Wata kotu a Amurka ta tsai da LimeWire a 2010, amma BitTorrent tana nan. Kasuwa ce wadda ba ta da sarkin kasuwa, ba mai duba abin da a ka kasa. Kowa ya ga dama ya raɗa wa kayansa sunan da ya so.

2. Yadda cutar ta ke shiga

Cutar nan manhaja ce da mugu ya ƙera, ya sa mata rigar abin kirki. A watan Mayu 2002 wata mai suna Benjamin ta bazu a Kazaa. In ta shiga kwamfuta sai ta hayayyafa, kowace 'ya ta ɗauki sunan fim ko waƙa ko wasa, ta zauna tana jiran mai ɗauka. A watan Maris 2016 miyagu su ka cusa wata, KeRanger, cikin manhajar Transmission ta kwamfutocin Apple. Ita kuwa sai ta yi lamo kwana 3, sa'an nan ta kulle takardun mutum ta nemi fansa. A 2021 kamfanin Avast ya ba da labarin Crackonosh, wadda ta ɓuya cikin wasannin sata ta kama kwamfuta fiye da 200,000. Da ta shiga sai ta kashe manhajar tsaro, ta sa kwamfutar haƙo wa maigidanta kuɗin intanet.

Ku lura, kayan da a ka ɗauko ta haka su kan ƙarasa cikin katin waya ko filas, har su iso ofis a aljihun yaro.

3. Alamomi

Kwamfuta ta yi nauyi, ta riƙa zafi alhali ba a aiki da ita. Data ta riƙa ƙarewa da sauri. Manhajar tsaro ta mutu, ta ƙi tashi. Takardu su ƙi buɗuwa, ko sunayensu su sāke. Waƙa kuma ko fim wanda sunansa ya ƙare da .exe ko .scr, wannan ba waƙa ba ne, tarko ne.

4. Magani

Na farko, a raba kwamfutar da intanet nan da nan, a zare duk filas da ke jikinta, kada a kai shi wata kwamfuta.

Na biyu, a nemi wata na'ura lafiyayya a sauya kalmomin sirri na imel da na banki. In an sauya su a kan marar lafiya, ɓarawo yana iya ganin sababbin.

Na uku, a cire manhajar musayar, a share abin da a ka ɗauko da ita.

Na huɗu, a bincike kwamfutar duka da manhajar tsaro wadda a ka sabunta. A Windows akwai Microsoft Defender Offline, wanda ya kan sake ta da kwamfuta ya yi bincike tun cutar ba ta farka ba. A binciki filas ɗin kuma.

Na biyar, in cutar ta dawo, ko ta riga ta lalata manhajar tsaro, to, a kira gwani ya goge kwamfutar ƙaƙaf ya ɗora Windows sabuwa. In an kulle takardu ana neman fansa, kada a biya, gama ɓarawo ba shi da alkawari. A komo da su daga ajiya.

5. Rigakafi

Wajibi ne malamin hakimi ya kwafe takardun ofis kowane mako a faifai na dabam, ya zare shi ya kulle a akwati. Kada a bar kowa ya ɗauko fim ko wasa da kwamfutar aiki, ko da ɗan hakimi ne. Manhaja kuma a samo ta daga wurin masu ita.

Takardar gonar talaka amana ce a hannunku. In ta ɓace, rigimar da za ta biyo baya a zauren hakimi za ta sauka. Allah ya taimake ku bisa riƙon amana, amin.