Wasiƙa ga Matasa Masu Tseren Keke

Tseren keke a kan kwalta iri biyu ne: tseren agogo da tseren ayari. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a Paris a 1900, ta ware rukunin matasa ga 'yan shekara 17 da 18. Daga nan sai rukunin 'yan ƙasa da shekara 23, sannan na manya. Zama a rukunin matasa shekara biyu ce kacal, amma a cikinta ake gane yaron da zai daɗe a kan sirdi da wanda zai jingine keke kafin gemu ya fito masa.

A tseren agogo ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, galibi da tazarar minti ɗaya ko biyu, kuma wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ne gwani. Doka ta hana fakewa a bayan wani, ko da an cim masa. Kuskuren yara a nan ɗaya ne: fita da wuta. Yaro ya ji an saki sirdinsa, jini ya ɗebe shi, ya zuba ƙarfinsa a kilomita uku na farko. Kafin rabin hanya cinya ta yi nauyi, baki ya bushe, kafaɗa ta soma rawa, feda ta ƙi juyawa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Gwani yakan fara ƙasa kaɗan da abin da yake jin zai iya, ya ƙara a hawan tudu da inda iska ke dukan fuska, ya sassauta a gangara. Yakan kuma duƙa ya matse gwiwar hannu, domin iska ce babbar abokiyar gaba. A 1989 Greg LeMond na Amurka ya shiga ranar ƙarshe ta Tour de France yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50, ya ɗaura wa kan kekensa sandunan da ke haɗe hannuwa a gaba, ya cinye gasar duka da daƙiƙa 8.

Tseren ayari wani karatu ne daban. Kowa na tashi lokaci guda, wanda ya fara tsallake layi shi ya ci. Mai bin bayan tayar wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa mafi ƙarfi ba kullum yake ci ba. Ana koyon zama a sahun gaba ba tare da jan ayari ba, da shiga kwana ba a danne birki ba gaira ba dalili, da karɓa-karɓa idan an ɓalle mutum huɗu ko biyar, da shan ruwa tun ƙishi bai zo ba. Waɗannan ba a samunsu a waya. Sai an goga kafaɗa da mutane.

Har ƙarshen 2022 an taƙaita wa matasa giya: juyin feda ɗaya kada ya kai keke fiye da mita 7.93, kuma alƙalai kan tura keken su auna. An soke dokar a 2023. Tana da amfaninta, domin ta tilasta wa yara juya ƙafa da sauri maimakon niƙa gwiwa da giya mai nauyi.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne halin wani yaro mai baiwa da aka ga ya sauya cikin 'yan watanni. Ya daina fita da 'yan ƙungiyarsu, wai suna ja masa baya. Ya rage tuwo, yana hawan sikeli safe da yamma. Littafin makaranta ya yi ƙura. Da an yi magana sai ya ambaci Remco Evenepoel. Gaskiya ne ɗan Beljiyam ɗin ya bar ƙwallon ƙafa a 2017, ya cinye tseren agogo da na ayari na matasa a gasar duniya ta Innsbruck a 2018, ya tsallake rukunin 'yan ƙasa da 23 ya shiga cikin manya. Abin da yaron ba ya faɗi shi ne, a 2020 Evenepoel ya kasa wata kwana a tseren Lombardiya, ya faɗa ƙasan gada, ya karya ƙugu. Kuma mutum nawa ne irinsa? Yunwar ganganci a shekarun girma tana cin ƙashi, tana jawo rashin lafiya a kai a kai, tana ɗauke wa 'yan mata al'ada. Jiki amanar Allah ne, za a tambayi mai shi. Wanda ya hana shi abinci don ya burge sikeli bai yi jarumta ba, wauta ya yi, haka ma mai karɓar ƙwaya daga hannun aboki. Lance Armstrong ya ci Tour de France sau 7, aka ƙwace duka a 2012 saboda ƙwaya.

Da ma Biniam Girmay na Eritiriya yaron yake kallo. Sa'an Evenepoel ne, shi ma haihuwar 2000. A 2018 ya ci zinare uku na matasa a gasar Afirka a Kigali, ya tafi cibiyar horo ta UCI a Aigle ta ƙasar Suwizalan, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya. A 2021 ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 23, a 2022 ya ci Gent-Wevelgem, a 2024 ya ci zango uku a Tour de France haɗe da koriyar rigar wanda ya fi tara maki.

Akwai kuma ƙorafin kayan aiki. Iyayen waɗannan yara sun yi tafiyar yini a kan Raleigh mai giya ɗaya, da buhu a kariya, kuma kowannensu ya iya cire tayarsa, ya tsoma tub a kwanon ruwa ya ga inda kumfa ke fita, ya goge, ya shafa gam, ya liƙa faci. Yau sai a ga ɗan tsere tsaye a bakin titi da waya a kunne, ceni ne kawai ya zame. Rashin kaya matsala ce ta gaske: Ese Ukpeseraye ta Najeriya da aron keke daga tawagar Jamus ta yi tseren cikin fili a Olamfik ta Paris a 2024. Amma keke mai tsada ba ya koya wa kowa kwana.

Hular kwano ba ado ba ce. An wajabta ta ga ƙwararru a 2003 bayan mutuwar Andrei Kivilev a tseren Paris-Nice. A Satumban 2024 Muriel Furrer, 'yar shekara 18, ta faɗi cikin ruwan sama a tseren 'yan mata na gasar duniya a Zurich, ta rasu washegari. Can hanya a rufe take. Mai atisaye tsakanin tirela da Keke Napep sai ya ninka hattara: ya fita bayan sallar asuba kafin titi ya cika, da riga mai haske, kuma a san hanyar da ya bi a gida.

A 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a Afirka, saboda haka ƙofa ba a rufe take ba. Yaron nan da ire-irensa su koma cikin 'yan ƙungiya, su ci su ƙoshi, su gama makaranta, su saurari mai horar da su. Iyaye kuma su sa ido a kan kwanon abinci kamar yadda suke sa ido a kan sakamakon jarrabawa. Allah Ya tsare hanya.