Filin Tarihi: Matan da Suka Tsaya a Ƙofar Kantunan Yadi

Yawancinmu mun san Indiya ne ta finafinai. A wannan makon za mu leƙa ta ta wata ƙofar, wato labarin matan da suka yaƙi mulkin mallaka da zaren auduga.

Ga yadda abin yake. A zamanin mulkin Ingila, manomin Indiya ne ke noma auduga, amma kaso mai yawa na yadin da ake sayarwa a kasuwanninsu daga masaƙun Lankashaya ta Ingila yake zuwa. Kuɗin kaɗi da na saƙa duk can suke tsayawa, masu sana'ar hannu na gida kuma suna ta rasa ciniki. Mu ma abin ya shafe mu. A 1902 aka kafa wata ƙungiya a Ingila don samo wa waɗannan masaƙun auduga daga ƙasashen da suke mulka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi sa wa ido.

Mahatma Gandhi ya ce maganin shi ne kowa ya koma sa khadi, yadin da aka kaɗa zarensa da hannu aka kuma saƙa da hannu. To amma injin kaɗi na katako, wanda suke kira charkha, ya kusa ɓacewa. Wata mata, Gangabehn Majmundar, ita ce ta yi ta yawon nema har ta samo shi a garin Vijapur, inda aka jibge shi a ɗakuna ba mai taɓawa. Aikinsa ɗaya da mazarin kakanninmu, sai dai ya fi sauri.

A watan Disamba na 1921 'yan sanda suka kama Basanti Devi da wasu mata a Kalkata. Laifinsu? Tallar khadi a kan titi. Gari ya ɗauki zafi, ba shiri aka sake su.

A 1930 aka kafa Desh Sevika Sangh a Bombai, wato Mumbai ta yanzu. Ma'anar sunan ita ce ƙungiyar mata masu yi wa ƙasa hidima. 'Yan sa-kai ne, ba albashi, kuma dole kowace ta sa khadi. Sukan je ƙofar kantin da ke sayar da yadin waje su tsaya. Ba duka, ba zagi. In mai saye ya zo sai su roƙe shi ya haƙura. Ku tuna, da yawansu matan gida ne da ba su saba fita bainar jama'a ba, ga shi an kai wasu kurkuku. 'Yan kasuwa da dama sun gaji, suka yarda aka ɗaure dilolin yadinsu aka ajiye.

A ganina abin da ya fi wuya ba kurkukun ba ne, shawo kan mai saye ne. Khadi kaushi gare shi, sau da yawa kuma ya fi na kanti tsada. Ka ce wa uwar da ke da 'ya'ya biyar ta bar mai araha ta sayi mai kaushi, ai sai da bakin 'yar uwarta mace.

Yadin Ingila da ke shiga Indiya ya ragu ƙwarai a 1930 da 1931, ko da yake karyewar tattalin arzikin duniya na wancan lokacin ma ta taimaka. Ma'aikata da yawa a Lankashaya sun rasa aiki. A watan Satumba na 1931 Gandhi ya je garin Darwen da kansa don ya gan su, kuma a hoton da aka ɗauka ranar, matan masaƙa ne suka kewaye shi suna dariya, hannuwa a sama.