BAYAN AN DAINA SHAN ƘWAYAR TAZARAR HAIHUWA, YAUSHE CIKI KE SHIGA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, wannan tambaya tana yawan shigowa, daga mata da kuma mazajensu, kuma fuska biyu take zuwa da ita. Wata ta ce ta ajiye ƙwaya wata huɗu ke nan shiru, dangin miji har sun fara cewa maganin ya ƙona mata mahaifa. Wata kuma ta ce sati uku kacal ta yi ba ta sha ba sai ga ciki, alhali an gaya mata sai an yi watanni kafin maganin ya bar jiki. Duka biyun abu ɗaya ne ya rikita su: zaton cewa ƙwayar nan taruwa take yi a cikin jiki. Ba ta taruwa.

Hukunci tukuna, a taƙaice, don mun sha yin bayaninsa. Hadisin Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah (SAW), wato zubar da maniyyi a waje. A kan wannan ne malaman zamani suka yi ƙiyasi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta ɗan lokaci idan akwai buƙata, da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba, ta kuma hana tsayar da haihuwa dungurungum sai da larura. To ka ga sanin ko ƙwaya tana kashe haihuwa ko ba ta kashewa ya shafi fatawar kanta. Da tana kashewa, da hukuncinta ya sauya.

Ga yadda likitoci suka yi bayanin aikinta. Ƙwayar tana ɗauke da sinadarai masu kama da waɗanda jikin mace ke samarwa da kansa. Idan ta sha, sai su hana ƙwan haihuwa fitowa a wannan watan, su kuma kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi zai sha wahalar wucewa. Jiki yana tace sinadaran ya fitar da su cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake shanta kullum. Ku tsaya ku yi tunani: abin da idan aka manta shi kwana biyu ko uku ciki na iya shiga, ta yaya zai zauna a jiki shekaru yana hana haihuwa? Akwai ma irin da ake ba masu shayarwa, wadda jinkirin da ya wuce awa 3 kawai yana iya rage ƙarfinta.

Saboda haka mace na iya fitar da ƙwai cikin sati biyu zuwa huɗu bayan ta daina, wata ma ciki ya shiga kafin ta ga al'adar farko. Galibin mata al'adarsu tana daidaita cikin wata ɗaya zuwa uku. Kuma wadda ta sha shekara biyar da wadda ta sha wata biyar, ba a ga cewa tsawon shan yana toshe haihuwa ba.

Akwai alƙaluma. A 2018 wasu masu bincike daga Habasha sun tattara nazarce-nazarce da dama, suka samu cewa kusan kashi 83 cikin 100 na matan da suka ajiye hanyoyin tazara sun ɗauki ciki cikin shekara guda. Wannan adadin ya yi kusa da na matan da ba su taɓa shan komai ba. Wani binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020, a kan mata kusan 18,000 daga Denmak da Arewacin Amurka, ya nuna ɗan jinkiri na kimanin al'ada uku ga masu shan ƙwaya, sannan komai ya koma daidai.

Inda ake samun ruɗani sosai shi ne allura. Mutanenmu suna haɗa ƙwaya da allura da ashanar fata da robar mahaifa su kira su da suna ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Allurar wata uku, irin su Depo-Provera da Sayana Press, an yi ta ne don ta daɗe a jiki. Bayan allurar ƙarshe ana iya kai wata goma kafin ciki ya shiga, wasu har shekara ɗaya da rabi. Jinkiri ne, yana wucewa. Ashana da roba kuwa, da zarar an cire haihuwa na dawowa da wuri. Don haka 'yar'uwa, idan kina son tazara gajeruwa, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti tun farko domin ta zaɓa miki abin da ya dace, kada ki je kemis kawai a tsira miki allura don ƙawarki ita ake yi wa.

Sai kuma abin da mutane ba sa son ji. Ko ba a taɓa shan komai ba, ciki ba ya shiga duk wata. Ma'aurata matasa masu lafiya, damarsu a kowane wata ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. Ƙwan mace awa 12 zuwa 24 yake yi bayan ya fito, maniyyi kuma yana iya kai kwana 5 a jikinta. Kwanakin ɗaukar ciki a wata ba su fi shida ba, kuma ƙwan yana fitowa ne kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Maigidan da yake Legas ko Fatakwal yana zuwa gida sau ɗaya a wata biyu, ya yi lissafi da kansa kafin ya ɗora wa ƙwaya laifi.

Idan jinkirin ya yi tsawo fa? Sau da yawa akwai wani dalili da ƙwayar ta lulluɓe ko kuma ya zo a lokacin da ake shanta. Jinin da mai shan ƙwaya take gani duk wata maganin ne ke tsara shi. Idan dama al'adarta a rikice take tun tana budurwa, ƙwaya za ta ɓoye rikicin, da ta daina sai ya dawo, sai a ce magani ne ya jawo. Shekaru ma suna tafiya. Wadda ta fara sha tana da 31 ta ajiye tana da 37, ba jikin da ta shiga da shi ta fito da shi ba, domin ƙwayayen haihuwa raguwa suke yi da shekaru, musamman bayan 35, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ga ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, wanda yake iya toshe hanyoyin ƙwai. Ga ƙarin mahaifa. Ga shayarwa, wadda ita kanta tana jinkirta fitar ƙwai.

Ga kuma maigida. A nan nake so maza su saurara da kyau. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. "Ai na haihu a baya" ba hujja ba ce, lafiya tana canzawa. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da arha, amma sai ka ga an kai mace asibiti uku, an ɗura mata jiƙe-jiƙe kala goma, shi kuwa ko ƙofar ɗakin gwaji bai taɓa takawa ba. Wannan ba adalci ba ne. Mafi muni shi ne wanda da yardarsa aka fara shan ƙwayar, wani ma shi ya sayo, amma da magana ta taso a gaban mahaifiyarsa sai ya yi gum, ya bar matar ita kaɗai ana kiranta juya. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Shawara ce kuka yanke tare, kai ne ya kamata ka tsaya ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi. A ƙarshen Suratus Shura Allah ya ambaci cewa shi ke bayar da 'ya'ya mata da maza, shi kuma ke hana wanda ya so. Gorin haihuwa ga mace shisshigi ne a cikin abin da ba a hannunta yake ba, balle a kai ga saki a kan zato.

Wani abin da nake gargaɗi a kai shi ne abin da ake kira wankin mahaifa. Ana sayar wa mata haɗe-haɗe da sunan wanke dattin ƙwaya, wasu har da lulluɓe kasuwar da sunan maganin Musulunci. Babu wani datti da ƙwaya ta bari da ke buƙatar wanki. Haɗarin ma shi ne, mai yiwuwa cikin ya riga ya shiga ba ta sani ba, ta je ta sha abin da zai zubar da shi. Kuma cikin da ya shiga nan da nan bayan daina ƙwaya ba a samu cewa yana cutar da jariri ba.

Ita kuma wadda ta ajiye ƙwaya saboda tana sa mata jiri ko ciwon kai, ba don tana son ciki yanzu ba, ta sani babu wani hutu da magani ya bar mata. Ta koma asibiti a canza mata wata hanyar tun kafin ta daina. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira kamar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, kuma iyayenmu da suke gudun kwanika sun san dalili tun kafin zuwan asibiti.

Mai neman ciki ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga, domin yana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa. Ta riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo. Idan wata uku ya wuce ba ta ga jini ba, ta yi gwajin ciki, in babu ta ga likita. Idan al'ada na zuwa kuma ana saduwa akai-akai, a ba shi shekara guda. Wadda ta kai 35 kada ta wuce wata shida. Mai ciwon suga ko hawan jini ta ga likita tun kafin ta ajiye ƙwayar. Ranar zuwa asibitin kuma su tafi su biyu, kowa a gwada shi, ana yi ana addu'a.

Wallahu a'alam.